Ƙaruwar gudu mara canzawa: daga ina rabin nan ya fito?

Ɗalibai da yawa masu shirin WAEC sun haddace s = ut + ½at² tsaf, wato ƙa'idar lissafin nisan (s) da abu ya ci cikin lokaci t, amma in ka tambaye su daga ina rabin nan ya fito, sai kowa ya sunkuyar da kai. Abin yana damuna, don amsar ba ta da wuya, kuma ita ce ƙofar shiga kalkulas, wato reshen lissafi da ke nazarin abubuwan da ke canzawa.

Ƙaruwar gudu, wadda ake rubutawa da a, ita ce yawan saurin da abu ke ƙarawa a kowane sakan. In an ce ba ta canzawa, ana nufin ƙarin da aka samu a sakan na farko shi ake samu a na biyu da na uku. Dutsen da ka saki a bakin rijiya haka yake: duk sakan gudunsa na ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a sakan, muddin ba a sa tirjiyar iska cikin lissafin ba.

Gano gudun abu ne mai sauƙi. Ka tara ƙarin da aka samu cikin sakan t, ka ɗora a kan gudun farko, u. Shi ke nan, gudun da aka kai shi ne v = u + at.

Wajen nisa ne ake tuntuɓe. Ba za ka ninka gudu da lokaci kai tsaye ba, tunda gudun bai tsaya wuri ɗaya ba. Dabarar kalkulas ita ce a yanka lokacin gutsi-gutsi, har kowane guntu ya zama gudun bai samu damar canzawa a cikinsa ba. A ninka kowane guntu da gudunsa, sannan a tara su duka. Wannan tarawar ake kira intigireshan. Ɗauki takarda ka zana gudun dutsen, lokaci a kwance, gudu a tsaye: layi ne miƙaƙƙe da ya taso daga sifili yana hawa. Filin da ke ƙarƙashinsa shi ne jimillar da muka tara, wato nisan, kuma alwatika ne, gindinsa t, tsawonsa at. Faɗin alwatika kuwa rabin gindi sau tsawo ne, wato ½at². Ga rabin nan. Sai a ƙara ut, wato nisan da gudun farko zai ci shi kaɗai; in kuma inda abin ya kai ake nema, sai a ƙara wurin da yake tun farko, wanda ake yawan mantawa da shi a ɗakin jarrabawa.

Gwada da dutsen. Bayan sakan 1 ya faɗi mita 4.9, bayan 2 mita 19.6, bayan 3 mita 44.1. Duba abin da ya ci a kowane sakan shi kaɗai: 4.9, sai 14.7, sai 24.5, wato ninki 1, 3, 5. Galileo na ƙasar Italiya ya gano wannan tsari ta hanyar gangaro ƙwallaye a kan katako, ya wallafa a 1638, tun kafin Newton da Leibniz su kafa kalkulas.

Sai dai a kula. Motar da direba ke taka totur yana sakewa ba ta bin wannan ƙa'ida, domin ƙarin gudunta na canzawa. A nan dole a koma ga yanka lokaci da tarawa, a yi intigireshan sau biyu da ainihin ƙaruwar da motar ke yi.