Waiwaye: Harajin Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Amurka da Masanan da Ake Ɗauka Su Auna Amfaninsa

A gundumomi da birane da dama na Amurka akwai wani haraji da kuɗinsa ba ya zuwa ko'ina sai ga kula da masu larurar ƙwaƙwalwa da masu fama da shaye-shaye. Wani wuri jama'a ne suka ɗora wa kansu shi da ƙuri'arsu, wani wuri majalisar gunduma ce ta zartar. Wasu a kan gidaje da filaye suke karɓa, wasu a kan cinikin kanti. Wani nazari da aka wallafa a 2023 ya ƙirga irin waɗannan dokoki sama da 200, ya kuma gano cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen ƙasar suna zaune ne a inda ake karɓar harajin, wanda ke tara fiye da dala biliyan 3.5 a shekara. Da yawa daga cikin dokokin suna da wa'adi. Idan wa'adin ya ƙarato, sai ka ga sanarwa ta fito cewa gunduma na neman kamfanin tuntuɓa ko wata jami'a da za ta duba ko kuɗin ya yi amfani. Wannan al'ada tana da dogon tarihi, kuma tarihin nata ya nuna abin da mai binciken haya zai iya da abin da ya fi ƙarfinsa.

A 1955 mutum kusan 559,000 ne ke kwance a manyan asibitocin masu taɓin hankali na jihohi, wasu sun shekara ashirin ba su taka waje ba. A daidai lokacin ne aka fara samun magunguna masu kwantar da cutar, labaran ƙazanta da cin zarafi a asibitocin kuma suka yi ta fitowa a jaridu. Ranar 31 ga Oktoba 1963 Shugaba John Kennedy ya sa hannu a dokar gina cibiyoyin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin unguwanni, domin mara lafiya ya riƙa samun magani kusa da danginsa. An yi niyyar gina cibiyoyi wajen 1,500 ko fiye. Har zuwa 1980 waɗanda suka samu ba su kai 800 ba. Sallamar marasa lafiya kuwa ba ta jira ginin ba, musamman da Medicaid, shirin gwamnati na 1965 mai biya wa talakawa kuɗin jinya, ya ƙi biyan kuɗin kwanciyar manya a irin waɗancan asibitoci, abin da ya sa jihohi suka ga rufe gadaje ya fi musu sauƙi. Yau gadajen da suka rage a asibitocin jihohi ba su kai 50,000 ba, kuma mutane da yawa da ya kamata a ce suna hannun likita sun ƙare a titi ko a gidan yari.

Abin lura shi ne tun a wancan zamani aka san muhimmancin awo. Gyaran da majalisar tarayya ta yi wa dokar a 1975 ya wajabta wa kowace cibiya ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin gudanarwarta don tantance aikinta, ta kuma nuna wa mutanen yankin sakamakon. Tsarin bai yi nisa ba. A 1981 gwamnatin Ronald Reagan ta soke mafi yawan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu shekara guda kafin nan, ta rage kuɗin, ta dunƙule shi ta miƙa wa jihohi su raba yadda suka ga dama. Nauyi ya gangaro daga tarayya zuwa jiha, daga jiha zuwa gunduma. Jihohi irin su Ohayo da Ilinoi da Misuri dama suna da tsarin da gunduma ke karɓar harajin gidaje don wannan aiki tun shekarun 1960, sai wasu suka bi sahu da nasu salon.

Kalifoniya ce ta fi kowa nuna yadda lamarin yake, don haka a nan ya kamata a tsaya. A 1999 da 2000 ɗan majalisar jihar Darrell Steinberg ya jagoranci wasu dokoki biyu da suka kafa shirin gwaji don marasa matsuguni masu taɓin hankali, aka fara da gundumomin Los Anjelis da Sakramento da Stanislaus. Shirin ƙarami ne, amma an yi masa wani abu da ba a saba ba. Duk wanda aka ɗauka, tun ranar farko ana rubuta kwana nawa ya yi a titi a shekarar da ta gabata, kwana nawa a asibiti, kwana nawa a tsare, sannan a ci gaba da ƙirgawa bayan ya shiga. Alƙaluman sun nuna raguwa sosai a dukkan ukun. Da waɗannan alƙaluma aka je wa masu zaɓe a Nuwamba 2004, suka amince da ƙudiri mai lamba 63 da kusan kashi 54 cikin ɗari: harajin kashi 1 cikin ɗari a kan duk abin da mutum ya samu sama da dala miliyan ɗaya a shekara. Jiha ke karɓa, gundumomi ke kashewa. Dokar ta ma kafa hukumar sa ido ta musamman.

Sai kuɗi ya shigo fiye da yadda aka saba gani, kuma kulawar da aka ba ƙaramin shiri wajen rubuta bayanai ba ta bi babban ba. Gundumomi 58 ne a jihar, kowacce da na'urarta, da fom ɗinta, da ma'anar da ta ba kalmar nasara. Matsin tattalin arziki ya ƙara dagula abin. A 2011 majalisa ta karkatar da fiye da dala miliyan 800 na harajin don toshe giɓin wasu ayyukan lafiyar ƙwaƙwalwa, ta kuma cire sharaɗin cewa sai jiha ta amince da mafi yawan tsare-tsaren gundumomi. A 2012 aka rushe ma'aikatar lafiyar ƙwaƙwalwa ta jihar, aka raba ayyukanta ga wasu ma'aikatu. A shekarar ce kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton cewa an kashe wani ɓangare na kuɗin rigakafi a kan darussan motsa jiki na yoga da hawan doki da aikin lambu, alhali masu tsananin ciwo na jiran layi. Mai yiwuwa wasu daga cikin waɗannan ayyuka suna da amfani ga wanda damuwa ta fara kamawa. Matsalar ita ce babu mai takardar da zai nuna hakan, ko ya ƙaryata.

Rahotanni suka biyo baya. A Agusta 2013 ofishin babban mai binciken kuɗi na jihar ya ce gwamnati ba ta da tabbacin cewa dala biliyan 7.4 da aka raba wa gundumomi cikin shekara shida an kashe su ta hanyar da ta yi amfani. A 2015 hukumar Little Hoover, mai sa ido a kan ayyukan gwamnatin jihar, ta ce bayan shekara goma da tara sama da dala biliyan 13 har yanzu ba a iya faɗin wa ya amfana da kuma ta yaya. A 2018 mai binciken kuɗi ya dawo ya tarar gundumomi na riƙe da dala biliyan 2.5 da ba su kashe ba, daga ciki akwai miliyan 231 da wa'adin kashe su ya wuce kuma ba a mayar wa jiha ba. Ka tuna wannan jiha ce da dubban marasa lafiya ke kwana a ƙarƙashin gada.

A cikin wannan yanayi ne kasuwar masu tantancewa ta buɗe. Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjelis ta yi wa hukumar sa ido nazari, cibiyar bincike ta RAND kuma ta duba ayyukan gundumar Los Anjelis ta fitar da rahoto a 2018. RAND ta bi bayanan 2012 zuwa 2016, ta ga cewa waɗanda suka shiga shirin cikakkiyar kulawa, wanda taken ma'aikatansa shi ne a yi duk abin da ya kama, sun rage kwana a titi da kwanciya a asibiti. Labari ne mai daɗi, kuma ina ganin gaskiya ne. Amma irin wannan awo na kafin shiga da bayan shiga yana da rauni da duk mai wannan sana'a ya sani. Mutum ba ya shiga shirin sai a shekarar da ciwonsa ya fi tsanani, wataƙila bayan an kwantar da shi sau uku. Shekarar da ke biye tana iya yin sauƙi ko da ba a yi masa komai ba. Sai an kwatanta shi da wani mai irin halinsa da bai shiga ba kafin a san nawa ne aikin shirin. Wanda kuma ya ɓace daga shirin bayan wata biyu, sau da yawa ba ya cikin lissafin, alhali shi ne ya fi bukatar a san inda ya ƙare.

Ga yadda aikin yake a ƙaramar gunduma. Jihar Washintan ta ba gundumomi dama a 2005 su ƙara kashi ɗaya cikin dubu a harajin ciniki, wato senti guda a kan sayayyar dala goma, don lafiyar ƙwaƙwalwa da maganin shaye-shaye da kotunan da ke tura mai laifi wurin magani maimakon kurkuku. Gundumar King, inda birnin Siyatil yake, ta amince a 2007, ta haɗa da kwamitin sa ido da tsarin tantancewa tun daga farko, kuma tana da ma'aikatan da za su yi. Ƙananan gundumomi ba su da wannan gata. Kuɗin ana raba shi ne ga ƙungiyoyi goma sha ko ashirin da wani abu: masu ba da shawara a makarantu, gidan farfaɗowa daga shaye-shaye, ma'aikacin jinya da ke bin 'yan sanda idan an kira su kan wanda hankalinsa ya gushe. Bayan shekara biyar ko shida sai a tallata kwangila. Kamfani ya ci, ya turo mutum biyu ko uku na wata shida. Su nemi bayanai, a miƙo musu rahotannin wata uku-uku da ke cewa an ga mutum kaza, an yi zama kaza. Su tambayi nawa ne suka koma gidan yari, a ce ai wannan yana ofishin shugaban 'yan sandan gunduma. Su tambayi nawa aka sake kaiwa sashen gaggawa, a ce yana asibiti, kuma dokar sirrin marasa lafiya ta 1996 da ƙa'idar tarayya mai tsauri kan bayanan masu shaye-shaye, wadda ta samo asali tun shekarun 1970, sun sa haɗa sunayen sai da yarjejeniyar da lauyoyi za su yi watanni suna rubutawa. Kafin a gama, wa'adin kwangila ya cika. Sai a yi hira da ma'aikata, a tara wasu masu cin gajiya a ɗaki a ji ra'ayinsu, a rubuta rahoto wanda babbar shawararsa ita ce a fara tattara bayanai. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka ake yi a wurare da yawa.

Akwai kuma batun wa ke biya. Sau da yawa ofishin da ke raba kuɗin shi ne ke zaɓar mai tantancewa, shi ke rubuta tambayoyin da za a amsa, shi ke karanta daftari kafin jama'a su gani, kuma shi zai bayar da kwangila ta gaba. Ba sai wani ya yi ƙarya ba kafin rahoto ya yi laushi. Ya isa a ce an zaɓi tambayar da ba ta da zafi. Shi ya sa nake ganin tsarin cibiyar nazarin manufofin jama'a ta jihar Washintan, wadda majalisar jihar ta kafa a 1983, ya fi kusa da daidai: majalisa ke ba ta aiki, ba ma'aikatar da ake dubawa ba, kuma tana fitar da lissafin ribar kowane irin shiri da kuɗinsa a fili, har da waɗanda ba su biya ba.

Duk da haka, masu cewa kuɗin kwangilar tantancewa asara ne, gara a ƙara gadaje, ba su yi adalci ba. Ƙungiya mai ma'aikata huɗu ba za ta iya auna kanta ba, kuma kansila ba shi da horon da zai bambanta shiri mai aiki da shiri mai iya rubuta rahoto. Masani daga waje yana iya gano cewa ƙungiyoyi uku na yin aiki ɗaya a cikin gari alhali ƙauyuka ba kowa, ko cewa masu jin Sifaniyanci kaɗai ba sa zuwa saboda ba mai yi musu tafinta. Irin wannan amfanin na gaske ne. Sai dai yana ninkuwa idan an kawo masanin a shekarar farko ya tsara abin da za a riƙa rubutawa, an ware masa kaso a cikin dokar harajin kamar yadda aka yi a 1975, an kuma taimaka wa ƙananan ƙungiyoyi da ma'aikacin da zai cike bayanan, don kada mai jinya ya bar mara lafiya yana fama da fom.

Kalifoniya ta biya kuɗin jinkirinta a siyasance. A Maris 2024 Gwamna Gavin Newsom ya kai wa masu zaɓe ƙudiri mai lamba 1, wanda ya sake fasalin dokar 2004, kuma da ƙyar ya tsallake, da kashi 50 da 'yan ɗigo, bayan an yi kusan mako biyu ana ƙirga ƙuri'u. Wata guda bayan haka mai binciken kuɗi ya sake cewa jihar ta kashe kusan dala biliyan 24 cikin shekara biyar a kan marasa matsuguni ba tare da bin sakamakon yadda ya kamata ba. Sabuwar dokar ta shigar da maganin shaye-shaye cikin harajin, ta amince da ciyo bashin dala biliyan 6.38 don gina gadaje da gidaje, ta tilasta wa gundumomi kashe kashi 30 cikin ɗari na rabonsu a kan muhalli, ta ɗaga kason jiha daga kashi 5 zuwa 10. Ƙungiyoyin masu larurar da dama sun yi adawa, suna tsoron za a rufe ƙananan shirye-shiryen unguwa da suka dogara da su, waɗanda shekara ashirin ba a tara musu hujjar da za su kare kansu da ita ba. Dokar ta tanadi cewa daga Yuli 2026 kowace gunduma za ta yi aiki da tsari na shekara uku, ta kuma riƙa ba jiha rahoton shekara-shekara a kan duk kuɗin lafiyar ƙwaƙwalwa da ta kashe, ko daga ina ya fito, da ma'auni iri ɗaya a faɗin jihar.