Kajin ƙwai da ake gane jinsinsu ta launi

Waɗannan kaji ruwa-biyu ne da ake samu idan aka haɗa zakaran wani iri da kazar wani iri daban, ta yadda ranar da aka ƙyanƙyashe 'yan tsaki, launin gashinsu kaɗai ya isa a ware mace da namiji. Yawancin kajin da ake kira leyas a Katsina da Daura, jajaye da baƙaƙe, daga wannan rukuni suke. Cikinsu akwai ISA Brown da aka samar a Faransa a 1978, da Lohmann Brown ta Jamus, da baƙar nan Nera Black. A gida kuma cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta fito da jar kazar ƙwai Shika Brown domin yanayi irin namu.

Sirrin yana cikin gado. A wajen tsuntsaye uwa ce ke yanke jinsin ɗa: zakara na ɗauke da ƙwayoyin halitta ZZ, kaza kuwa ZW. Wasu launukan gashi a kan Z suke zaune, uwa kuma 'ya'yanta maza kawai take miƙa wa nata Z. Shi ya sa idan jan zakara Rhode Island Red ya bi farar kaza mai jinin launin azurfa, matan sukan fito jajaye kamar uba, mazan su fito fari-fari kamar uwa. Idan kuma kaza mai zane-zane ta Barred Plymouth Rock ya bi, duk tsakin baƙaƙe ne, amma namiji na da ɗigon fari a tsakar ka. In aka juya haɗin, uba ya zama fari uwa ja, dabarar ta rushe.

Sagara takan fara ƙwai tsakanin mako 18 zuwa 20, kuma da kulawa mai kyau tana iya kaiwa wajen ƙwai 300 a shekarar farko. Kalmar kulawa ce mai nauyi a nan. Kowace kaza na bukatar kimanin giram 110 zuwa 120 na abincin leyas a rana, da haske na awa 14 zuwa 16. Wanda ya sake ta a tsakar gida ta yi tone-tone, yana watsa mata dusa da tsabar gero kamar kazar Hausa, kada ya sa ran kiret zai cika. Zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da Katsina ke haura digiri 40, shi ne babban gwaji: kajin su buɗe baki suna haki, fukafukai a sake, cin abinci ya ragu, ɓawon ƙwai ya yi laushi har ya fashe a hannu. Masu kiwo kan ba da abinci da asuba da yamma, su ajiye ruwan sha a inuwa, su ƙara garin ƙashi ko farar ƙasa a abincin. Da hunturu kuma sai a kiyaye rigakafin Lasota saboda cutar Niyukasul.

Inda aka fi tafka asara shi ne wajen neman iri. Da wuya waɗannan kaji su yi kwanci, don an daɗe ana tace wannan ɗabi'a daga jininsu. Sai dai a sa wa kazar gida ƙwan, kamar yadda mata a ƙauyukan Daura ke sa mata ƙwan zabi, ta kwanta a kai kwana 21. Tsaki za su fito lafiya lau matuƙar akwai zakara a garken, amma ba irin uwarsu ba ne. Launi ya cakuɗe, ba a ƙara gane mace da namiji sai sun tasa, yawan ƙwai ma ya sauka, wata ta yi ƙoƙari wata ta zama ci-ma-zaune. Iyayen asali suna hannun kamfanonin ƙyanƙyasa, shi ya sa kowane zagaye sai an sayi sabbin tsaki, galibi waɗanda ake ɗaukowa a kwali daga Ibadan.

Bayan kimanin shekara ɗaya da rabi ƙwai kan ja baya har ya kasa biyan kuɗin abinci, sai a sayar da kajin don nama, musamman gab da Sallah.