Kiɗan da ake jingina wa Dr. Dre, na Aznavour ne

Masoya rap da yawa na ɗauka cewa busar ƙahonnin da ke cikin waƙar "What's the Difference" Dr. Dre, mai haɗa kiɗan rap ɗan Amurka, shi ne ya ƙirƙiro ta. Har ma lokacin da Blu Cantrell da Sean Paul suka saki "Breathe" a 2003, waƙar da ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, sai aka yi ta cewa kiɗan Dre suka ara.

Asalin kiɗan daga Faransa yake. Charles Aznavour, wanda aka haifa a Paris a 1924, iyayensa 'yan Armeniya, shi ya rera "Parce que tu crois" a 1966, waƙar da wannan busa ta samo asali daga cikinta. Bayan shekara 33 Dre ya yanko wannan busa, ya maimaita ta, ya ɗora mata ganga mai nauyi, shi da Xzibit da Eminem suka hau kai a 1999.

Ba na rage wa Dre gwaninta, don kunnen da ya tsinto wannan gaɓar a tsohon faifai ba ƙaramin kunne ba ne. Abin da ke damuna shi ne yadda sunan Aznavour, wanda ya rasu a 2018, ya ɓace a bakin masu sauraro.