Itatuwan ado a biranen Saudiyya: ta yaya suke jure wannan zafi?

Me ya sa rayuwar birni ta fi yi wa itace wuya fiye da ta daji?

A daji rana ce kawai ke dukansa. A Riyad ko Makka kuwa, kwalta da siminti suna shan zafi da rana, su yi ta fito da shi har cikin dare, ga hucin na'urorin sanyaya ɗaki. Ƙasar gefen titi an daddanne ta, iska ba ta ratsa ta, ramin da aka bar wa saiwa kuma ɗan ƙarami ne. Ruwan saman Riyad bai wuce kusan milimita 100 a shekara ba, don haka komai da ban ruwa yake rayuwa, kuma duk ruwan da ya ƙafe gishirinsa yake bari a ƙasa.

To wace dabara waɗanda ke rayuwa suke yi?

Kowanne da tasa. Bagaruwa ganyenta ƙanana ne, ruwan da ke fita ta jikinsu kaɗan ne. Kurna, wadda Larabawa ke kira sidir, saiwa take zurawa can ƙasa neman laima. Kariya kuwa a kututturenta mai kama da tulu take ajiye ruwa, ta kaɗe ganye idan abu ya tsananta. Furen nan mai yaɗo da Larabawa ke kira jahannamiyya (bougainvillea), da ke lulluɓe katangun Jidda, ma ya fi yin fure idan an ɗan bar shi da ƙishi. Wanda ya cika shi da ruwa ganye zai samu. Da yawansu kuma da tsakar rana suke rufe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye, sai rana ta yi sanyi su buɗe.

Darbejiyar da ke Arfa irin tamu ce ta gida?

Ita ce dai, dogon yaron da ke ƙofar gidajen Kano da Maiduguri. Asalinta yankin Indiya ne. An dasa dubbanta a filin Arfa don alhazai su samu inuwa, ana shayar da ita ta bututu. Alhazan Indonesiya ma bishiyar Sukarno suke ce mata. Tana jure zafi da fari, ba ta dai son ruwa ya kwanta a gindinta.

Maƙwabcina ya ce in dasa bazromiya, wai tana saurin girma. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma nan matsalar take. Wannan itace, da 'yan Sudan ke kira damas, yana jure gishiri da ƙura, ya yi kore shar duk shekara, shi ya sa aka cika tituna da shi. Amma saiwarsa bin laima take duk inda take: ta shiga bututun ruwa da na masai, ta ɗaga daɓen tsakar gida, ta tsaga katanga. Har hukumomin birane suka hana dasa shi a cikin unguwanni. Ni dai ba zan sa shi kusa da tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa ba, ko kyauta aka ba ni.

Gwamnati fa, me take dasawa yanzu?

Shirin kore birnin Riyad da Sarki Salman ya ƙaddamar a 2019 yana da burin itatuwa miliyan 7.5, an fi karkata ga na gida masu jure ƙishi irin su kurna, kuma da ruwan da aka tace bayan an yi amfani da shi ake shayarwa.

Mai ɗan fili a gida, yaya zai shayar?

Ɗan yayyafi kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, iska mai ƙarfi ta zo ta tuge itacen. Gara a ƙosar da shi sosai, a ɗaga ƙafa kwana biyu ko uku, saiwa ta bi ruwan zuwa ƙasa, gishirin ma ya gangara. A dasa bayan zafi ya karye, wajen Oktoba ko Nuwamba. Idan akwai yara a gidan, a nisanta su da dafla (itacen furen da Turawa ke kira oleander), kuma a yi hattara da itacen kariya: ruwan jikinsu duka guba ne.