Masu zuwa ganin gida, ku daina danne zazzaɓin yaro da farasitamol

Da zarar makarantu sun ba da dogon hutu, gidajen cikin birnin Zariya sai su cika da baƙi. 'Ya'yan gida da ke aiki a Legas da Abuja, har da na Ingila da Amurka, kowa ya kwaso iyali a zo gaida tsofaffi, a nuna wa yara tushensu. Allah ya ba da ladan zumunci. Amma ni da nake aiki a ƙaramin asibiti, akwai abin da nake gani duk damina, kuma wallahi ya ishe ni.

Makon jiya aka shigo mini da yarinya 'yar shekara uku, kawunta ya saɓo ta a kafaɗa, wuya ya langaɓe, tafin hannunta fari fat. Na tambayi uwar tun yaushe jikin ya yi zafi. Ta ce kwana huɗu. Kwana huɗu! Na ce me kuka ba ta? Ta zuge jaka ta ciro kwalbar farasitamol na ruwa, saura ɗan kaɗan a gindi. A cikin kwanakin nan an kai yarinyar ƙofar fada, an kai ta ganin tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina, an je Kufena an yi hotuna a gindin dutse, an wuce Samaru gidan goggonta. Duk inda jiki ya ɗau zafi sai a ɗura mata cokali ɗaya, zufa ta karyo, a ce alhamdulillahi, a shiga mota.

"Malama, mun ɗauka canjin ruwa ne."

Kullum maganar ke nan. Canjin ruwa ne, gajiyar hanya ce, haƙori ne. Haba 'yar'uwa! A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka a Zariya, kwatami ya cika, masara ta rufe bayan gida, sauro ko'ina, yaro ya yi zazzaɓi ki ce canjin ruwa? Farasitamol zafi yake saukarwa, ba ya taɓa ƙwayar maleriya. Kina ba shi, ita tana can tana shanye wa yaro jini. Kwalbar nan ke take kwantar wa hankali, shi yaron yana nan da ciwonsa.

Na san abin da ke cikin ranku, ni ma ina da dangi. Kwana goma kacal kuka samu, gidajen da za a shiga sun fi ashirin, in an tsallake na Baffa a Tudun Wada sai an shekara ana mita. Ga kunyar a ce kun zo kun raina ruwan gida da ɗakin Hajiya. To, Baffa zai yi fushi ya huce. Gwajin maleriya fa? Ɗigon jini ɗaya ne daga ɗan yatsa, cikin minti 20 an ga sakamako. Gaisuwar gida ɗaya ta fi haka daɗewa.

Ku kuma kakanni, da girmamawa nake faɗa: ku daina cewa ai uban ma a nan ya tashi bai mutu ba. Jikan da aka haifa a Landan jikinsa bai san maleriya ba, ta kan kayar da shi da sauri. Shi kansa uban, in ya daɗe a waje, sabon da jikinsa ya yi da ita ya ragu.

A taƙaice dai:
- Masu tasowa daga ƙasar waje, ku ga likita kafin tafiya, akwai maganin rigakafi da ake fara sha tun kafin a iso.
- Ku zo da gidan sauronku, ku ɗaura tun daren farko.
- Jiki ya yi zafi, a yi gwaji a ranar, kada a kwana.
- In maleriya ce, maganin kwana 3 ne, safe da dare. A shanye shi duka, ko da yaro ya tashi yana wasa.
- Jijjiga, aman duk abin da aka ba shi, ƙin nono, barcin da ba a iya tashinsa: asibiti nan take, ko tsakar dare ne.

Saura abu ɗaya. Zazzaɓin ba ya fitowa sai an yi aƙalla kwana 7 da cizon, galibi 10 zuwa 15. Don haka yana iya jira sai kun koma. In ya taso a can, kada a sake ɗauko kwalbar nan. Ku gaya wa likita daga Najeriya kuke, ya gwada jini.

Ita yarinyar, babban asibiti na tura su a daren, sai da aka ƙara mata jini. Ta tashi, Allah mun gode. Jiya kakarta ta aiko mini da dambu a kwano, ta ce sauran gaishe-gaishen dangi ne suka riƙa zuwa har bakin gado suna yi.