Me doka ta ce kan gwajin ruwa a wurin haƙar ma'adinai?

Samun lasisi bai ba kamfani damar kafa injina ya fara tona ƙasa nan take ba. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta ce kafin a fara aiki, sai mai lasisi ya gabatar da rahoton nazarin yadda haƙar za ta shafi muhalli, wanda Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta amince da shi. Tushen wannan nazari wata doka ce ta 1992. Abubuwan da ake dubawa suna da yawa, amma ruwa ne ya fi shafar mutumin ƙauye, domin shi yake sha, shi dabbobinsa suke sha, da shi yake noman rani.

Ruwan da ake gwadawa iri biyu ne: na sama, wato rafi da tafki da kududdufi, da na ƙasa wanda ke fitowa a rijiya da burtsatse. A 2011 NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya, ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan ingancin su biyun. Dokar 2007 kuma ta haramta wa mai haƙa gurɓata magudanar ruwa, ta wajabta masa tsabtace ruwan da ya wanke ma'adini da shi kafin ya sake shi, kuma idan ya ɓata ruwan mutane akwai diyya a kansa.

Sai dai diyya ba ta samuwa sai da hujja, kuma hujjar tana cikin gwajin farko, wanda ake yi tun ba a sa diga a ƙasa ba. A ganina nan ne ya kamata jama'a su fi sa ido. Idan bayan shekara uku ruwan rijiya ya sauya, yara suka fara ciwo, abin da kamfani zai fara faɗa shi ne dama haka ruwan yake, dutsen yankin ne ke da dalma. Wani lokaci ma gaskiya ya faɗa. Ba mai raba wannan gardama sai takardar da ta nuna yadda ruwan yake kafin zuwansa.

Shi ya sa yadda ake ɗiba yake da muhimmanci. A rafi ana ɗiba a sama da wurin haƙa, a kuma ɗiba a ƙasa da shi, don a ga abin da ya shiga a tsakani. Ana yi da damina, a sake yi da rani, tunda ruwan sama yana wanko ƙurar ma'adini zuwa rafi, rani kuma yana ƙafar da tafki gubar ta taru. A rijiyar gwaji, wato wadda ake ɗibar ruwan ƙasa a cikinta don aunawa, ba a ɗaukar ruwan da ya kwana. Sai an zuƙe shi an zubar har sabo ya ɓulɓulo daga ƙasa. Tsamin ruwan a bakin rijiya ake auna shi da na'ura, domin yana sauyawa a hanya. Kwalbar da za a gwada ƙarafa a cikinta ana ɗiga mata asid kaɗan don kada ƙarfen ya manne a jikinta, a rubuta wuri da rana da sa'a, a saka cikin kula mai ƙanƙara. Duk hannun da ta bi har ɗakin gwaji sai ya sa hannu a takarda.

A ɗakin gwaji ana neman dalma, da arsenik (wani sinadari mai guba), da zaibar da masu zinare ke kama gwal da ita. Ana kuma lura da tsami, saboda dutse mai farar wuta idan aka fasa shi ya haɗu da iska da ruwa yakan zama asid, ya narko ƙarafa. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya kayyade dalma a miligiram 0.01 cikin kowace lita. Ruwa yana iya ninka wannan sau da yawa alhali yana nan garau, ba wari ba ɗanɗano.

Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda yara wajen 400 suka rasu. A can ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje ce ta fi yin ɓarna, amma gubar ta kai ga tafkuna da rijiyoyi. Masu aikin a can masu haƙar gargajiya ne, ba rahoto, ba gwajin farko. Wannan babban giɓi ne a aiwatar da dokar, kuma har yau bai toshe ba.

Inda kamfani mai lasisi ne, jama'a suna da ƙofa biyu. Ana baje rahoton muhalli na kwana 21 na aiki don kowa ya duba ya kai ƙorafi. Sashe na 116 na dokar 2007 kuma ya tilasta wa kamfani ƙulla yarjejeniyar ci gaba da al'ummar wurin kafin ya fara aiki, ana sabunta ta duk shekara biyar. Mai gari da dattawa su nemi a rubuta a ciki cewa za a gwada rijiyoyin gari da sunayensu, a gaban wakilinsu, a kuma ba su kwafin kowane sakamako su ajiye.