Mai jego a Amurka, kada ki daure wa ciwo

'Yan'uwa mata da ke zaune a Amurka, ku na Bronx da sauran wuraren da Hausawa suka taru, da ku nake. Yawancinmu muna ganin da zarar mace ta haihu a babban asibiti a ƙasar nan, to hankali ya kwanta. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna akasin haka ga baƙar fata. A 2021, cikin kowace haihuwa 100,000, mata baƙaƙe kusan 70 ne suka rasu sanadin ciki ko haihuwa, farare kuma kusan 27. Hukumar ta kuma gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan mace-macen ana iya kauce musu.

Ilimi da kuɗi ba su tsare kowa ba. Shalon Irving ƙwararriya ce a hukumar CDC ɗin kanta, mai digirin digirgir. Bayan ta haihu a Janairun 2017 ta yi ta komawa asibiti da kumburi da hawan jini, ana sallamarta. Mako uku da haihuwa ta rasu. A shekarar ce kuma shahararriyar 'yar wasan tennis Serena Williams ta ji numfashinta na sarƙewa kwana ɗaya bayan tiyatar haihuwa. Ta san tana da matsalar daskarewar jini, ta nemi a ɗauki hoton huhunta, amma ma'aikaciyar jinya ta zaci maganin ciwo ne ya ruɗa ta. Sai da ta nace aka duba, aka tarar da gudajin jini a huhu. Idan aka yi jinkirin sauraron wadda duniya ta sani, ina ga baƙuwa mai hijabi da Turancinta bai nuna ba?

Abin da ya fi damuna shi ne tarbiyyarmu tana ƙara wa matsalar nauyi. An koya mana kunya da dauriya, mai jego ba ta raki. To a asibiti, wadda ta yi shiru ana ɗauka lafiyarta ƙalau.

Fiye da rabin mace-macen nan suna faruwa ne daga mako ɗaya zuwa shekara guda bayan haihuwa, wato an yi suna, baƙi sun watse. Ciwon kai mai tsanani da ya ƙi jin magani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ciwon ƙirji ko haki, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, zazzaɓi, jinin da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya: ko ɗaya kika gani, kada ki jira gari ya waye. Kunun kanwa kuma a bar shi, domin gishirinsa na wahalar da zuciya.

Ki tafi da mijinki ko 'yar'uwa mai baki. Ki nemi tafinta, haƙƙinki ne kuma kyauta ne. Idan likita ya ce ba komai alhali jikinki na gaya miki akwai, ki ce a auna jininki a gabanki, a rubuta koken a fayil ɗinki, ki nemi ganin wani likitan. Maigida, idan ta suma ko ta fara jijjiga, ka kira lambar gaggawa ta 911 nan take, kuma abu na farko da za ka gaya musu shi ne ranar da ta haihu.